Hannun Kaka Bai Manta Ba: Man Kaɗe, Tsufa da Ƙwaƙwalwa a Ƙasar Zuru

Tun kafin zakara ya yi cara ta biyu Kaka take tashe ni. Ba ta kiran suna, ƙafa take taɓa mini ta ce, "Kishiya, tashi, kaɗanya ba ta jiran mai barci." Sai mu ɗauki ƙwarya da sanda mu fita, raɓa tana jiƙa mana zane har gwiwa, duwatsun da suka kewaye ƙauyenmu a ƙasar Dabai sun yi baƙi ƙirin. Farkon damina ne, rumbu ya yi ƙasa, dawar bara ta kusa ƙarewa, ta bana ko gwiwa ba ta kai ba. Ba a hawa a kaɗo kaɗe. Wanda ya nuna ya faɗo da kansa shi ake tsinta. Sandar kuwa ta kububuwa ce, sai an bubbuga ciyawa kafin a sa hannu. Naman kaɗen mai zaƙi shi ne karin kumallonmu a gindin itace, ƙwallon kuma shi ne dukiyar da za mu kai gida.

A hannunta na tashi, domin mahaifina soja ne, yana bakin daga tun 1967 har aka gama yaƙin basasa a 1970. Daga baya na yi karatu, na shekara 35 ina koyar da ilimin halittu a makarantun sakandare kafin in ajiye alli. Abin da na karanta na tarihin Zuru, labarin maza ne ya fi cika shi: sarauta, kokawa, golmo, aikin soja. Ni kuwa tarihin man da ke cikin tukunyar miyarmu nake so in bayar, domin yadda man nan ya sauya cikin shekara 100, da yadda gumin da ake yi kafin a ci shi ya ragu, sun bar sawu a jikinmu har can cikin ƙwaƙwalwa.

Aikin man kaɗe ba na raggo ba ne. A dafa ƙwallon, a shanya a kan fa, a fasa ɓawo, a sake shanyawa har ya riƙa ƙara idan an girgiza shi. Ranar da za a yi mai, a daka shi a turmi, a soya a kasko, a niƙa a dutse har ya koma kamar kunu mai kauri launin ƙasa. Daga nan sai bugu. Kaka takan zauna a kujera 'yar tsugunno, babbar ƙwarya tsakanin ƙafafunta, ta zurma hannu har gwiwar hannu tana juyawa tana bugawa, ta yayyafa ruwan ɗumi, can kuma ta ce in kawo mai sanyi. Sai an jima, kafaɗa ta yi tsami, sannan farin kumfa ya fara tasowa daga cikin baƙin nan. A kwashe, a wanke, a dafa har ruwa ya ƙone, a tace, a zuba a ƙoƙo ya kwana ya daskare. Idan na ƙosa takan ce, "Mai yana jin hannu. Ba gajiyarki yake duba ba."

Sana'ar nan ta girmi duk wata sarauta da muka sani. A wani tsohon kufai mai suna Kirikongo a yammacin Burkina Faso, masu tonon kayan tarihi sun samo ɓawon kaɗe da ya ƙone a gidajen mutanen da, kuma binciken da Daphne Gallagher ta fitar a 2016 ya nuna ana sarrafa shi a can tun wajen shekara ta 100 miladiyya. Ibn Baɗuɗa da ya ratsa daular Mali a 1352 ya ga ana girki da man, ana kunna fitila da shi, ana shafa, har ana kwaɓa shi da ƙasa a yi yaɓen gida. Mungo Park ya gan shi a ƙasar Bambara a 1796, ya yi mamakin man da zai shekara bai lalace ba alhali ba a sa masa gishiri ba. Shi ne Baturen nan da ya wuce ta Yawuri, maƙwabtanmu, ya halaka a Busa a 1806, kuma masana tsirrai sun daɗe suna kiran kaɗanya da sunansa kafin su koma kiranta Vitellaria paradoxa. Itaciya ce mai haƙuri: takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, amma tana iya shekara 200 tana bayarwa. Shi ya sa manomin da ke sharar gona yakan sare komai ya bar kaɗanya da ɗorawa. Wanda ya bar ta, jikansa ya bar wa.

A ƙasar Zuru, daga Dabai zuwa Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu, man kaɗe ya shiga ko'ina a rayuwa. Shi ne a miyar kuka da ta kuɓewa, shi ne a fitilar aci-bal-bal, shi ake shafa wa jariri, shi ake murza wa targaɗe. Mu Lelna, da Hausawa suke kira Dakarkari, muna da golmo, inda saurayi zai shekara 7 yana noma wa surukinsa tare da sa'o'insa kafin a ba shi mata. Na ga 'yan golmo sun dawo da almuru jikinsu duk ƙasa, tafin hannu ya tsattsage, Kaka ta gutsura musu mai su murza. Na ga 'yan kokawa sun kwana ana gasa musu kafaɗa da shi. Tuwon dawa malmala guda mai girman kan yaro, da miya mai ɗan dunƙulen mai kamar ƙwan zabo, shi ne abincin gida guda. Man kaɗan ne, aikin da yawa.

Mai na biyu na Fulani ne. Bayan girbi sukan sauka a gonaki, shanu su ci kara su bar taki, matansu su shigo gari da ƙwaryar nono da curin man shanu yana yawo a kai. Sau da yawa ba kuɗi ake bayarwa ba, dawa ake auna musu. Man shanu na baƙo ne da mai jego da ranar Uhola, bikin godiyar amfanin gona; ba kullum ake ganinsa ba. Na uku man gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya daga Kano a 1912, gyaɗa ta zama amfanin kuɗi a Arewa, haraji ya tura manoma gare ta, masu ƙuli-ƙuli suka yawaita, ƙosai da waina suka samu man suya mai sauƙi. Farin 1973 da ciwon da ya naɗe ganyen gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Manja kuwa motocin Kudu suke kawo shi ta hanyar Kwantagora da Rijau.

Na ƙarshe ta bariki ya shigo. Zuru garin sojoji ne tun zamanin Turawa. Kakanninmu sun je Bama a yaƙin duniya na biyu, garin ya haifi janar-janar irin su Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo na II da ya yi sarauta daga 1995 har rasuwarsa a Agustan 2025. Amma bayan kowane janar akwai dubban kofur da saje irin mahaifina, kuma kowannensu ya dawo gida da sabon baki. Baba ya dawo da bota ta gwangwani, da shayi mai madara da sukari, da man girki na kwalba. Ya ce man kaɗe yana ƙauri. A makarantar kwana ma idan yarinya ta shafa shi, sai ta ji ana toshe hanci. Cikin shekara 20 man da ya raini iyayenmu ya koma na talaka da na tsofaffi, jarka mai ruwan ɗorawa ta gaje wurinsa. A daidai lokacin ne injin niƙa ya sallami dutse, babur ya sallami tafiyar ƙasa, maganin feshi ya rage noman ciyawa, golmo a gidaje da yawa ya koma biyan kuɗi. Mai ya ƙaru, gumi ya ragu.

Baba ya yi teɓa bayan ya ajiye kaki. Hawan jini ya kama shi, yakan sha magani idan kai ya yi ciwo, ya bari idan ya lafa. A 1996 ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Bai cika shekara 60 ba ya rasu, ya bar uwarsa da rai, tana ɗaukar itace a ka.

Shekara biyu bayan haka Kaka ta fara mantuwa. Da fari gishiri take sa wa miya sau biyu. Sai ta fara ajiye tuwo a akushi da magariba tana cewa na soja ne, yana hanya. Ranar da ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, daga wane gida?" na shiga ɗaki na yi kuka. Sannu a hankali Hausar da ta shekara 60 tana ciniki da ita ta zube mata, ba ta jin komai sai C'lela, harshen da aka yi mata rarrashi da shi. Takan fita da asuba a tsakiyar rani, da ƙwarya, tana lalube a gindin itatuwa. Wata rana aka tsince ta a bayan dangar wani gida da ɗansu ba shi da lafiya, kafin hantsi magana ta zaga gari: tsohuwar nan mayya ce. Goggona ta fita tsakar unguwa ta ce, "Matar da ta yanke wa rabinku cibi, yau ita ce mayya?" Aka yi tsit, amma tun daga ranar yara suka daina karɓar abu a hannunta.

Mu a gida gigin tsufa muke ce masa. Wani likita ne ya zaunar da ni ya ce, "Malama, tsufa daban, wannan daban. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa." Ya ambaci sunan Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya fara bayyana ciwon a 1906. Tun daga ranar nake bin duk abin da aka rubuta a kai, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk inda na bi sai hanya ta dawo da ni kan mai.

Ƙwaƙwalwa gidan maiƙo ce. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk kolestirol da ke jikin mutum, wato maiƙon nan da likitoci suke auna mana a jini suna gargaɗi. Mafi yawansa yana cikin wani farin rufi da ake kira mayelin, wanda ya naɗe jijiyoyi kamar yadda roba ta naɗe wayar lantarki. Idan rufin ya ɓare, saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya ɓata a hanya. Sauran yana bangon ƙwayoyin jijiya, musamman a mahaɗar da wata take miƙa wa wata saƙo, inda tunani da tuna baya suke ƙulluwa.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta sayen man kasuwa. Tsakaninta da jini akwai shinge mai tsauri da kolestirol na abinci ba ya ratsawa. Ko mutum ya cinye ƙwaƙwalwar ragon layya goma, ba za ta isa tasa ba. Nata take bugawa a gida, kamar Kaka. Jaririya tun tana ciki ake fara aikin, ya fi zafi a shekarun farko lokacin da ake naɗe jijiyoyi. Idan mutum ya girma, wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro su ne manyan masu bugun man, su ɗora shi a kan wani ɗan dako mai suna APOE ya kai wa ƙwayoyin jijiya. A 2001 masu bincike a Turai suka nuna cewa da wannan man ne jijiyoyi suke yawaita mahaɗarsu. Man da ya tsufa kuma akwai ƙofar fitar da shi, wani sinadari da ake kira CYP46A1, mai sauya masa kama ya iya ratsa shingen, abin da bai wuce miligiram 6 zuwa 7 a yini ba. Kolestirol na jini kwanaki yake yi a sauya shi, na ƙwaƙwalwa shekaru. Gida ne mai tsimi, ƙerawa da fitarwa a kan ma'auni ɗaya. Idan ma'aunin ya karkace sai ciwo: a ciwon Huntington ƙerawar ce take raguwa, a ciwon yara na Niemann-Pick nau'in C man ne yake maƙalewa a cikin ƙwayoyi har su mutu.

To wa ke riƙe da ma'aunin? A nan ne karatun allo ya fi taimaka mini wajen bayyana wa ɗalibaina. Yaro yakan fara da babbaƙu, sannan farfaru. Rubuta baƙaƙe uku da ajami: da wasali ƙasa ka karanta gida, da wasali bisa ka karanta gada, da rufu'a ka karanta guda. Baƙi bai motsa ba, ma'ana ta sauya. Gadon da muka karɓa daga uwa da uba, wanda ake kira DNA, babbaƙu ne, kuma iri ɗaya ne a ƙwayar hanta da ta ido da ta ƙwaƙwalwa. Abin da ya bambanta su wasali ne. Akwai wata 'yar alama mai suna metil da jiki yake ɗora wa rubutun, sau da yawa ta yi aikin ɗauri, ta rufe bakin wannan layi a daina karanta shi. Sannan zaren DNA a naɗe yake a kan wasu dunƙulen furotin da ake kira histon, kamar zare a mazari. Inda naɗin ya yi tsauri ba ya karantuwa, inda aka liƙa wata alama mai suna asetil sai ya sassauta. Wannan ilimi shi ake kira ifijenetik, sunan da Conrad Waddington na Ingila ya raɗa a 1942. Ni wasalin gado nake ce masa.

Layukan da ke kula da man ƙwaƙwalwa duk suna ƙarƙashin wasalin nan. An gwada a ɗakin bincike an ga magungunan da ke sassauta naɗin histon suna ƙara buɗe ƙofar CYP46A1. Ɗaya daga cikin wannan aji ma yana asibitocinmu, maganin farfaɗiya balfurowet, wanda a 2001 aka gano yana sassauta naɗin histon, kuma ake gargaɗin mai ciki a kansa domin yana iya nakasa ɗan tayi. A 2021 masu bincike a birnin Hefei na ƙasar Sin suka nuna a jikin ɓeraye cewa ɗan dakon nan APOE ba mai kaɗai yake kawowa ba, har da ƙananan saƙonni masu cewa jijiya ta daina wahalar ƙera nata. Kayan aikin da ta yi tsiminsu sai ta juya su asetil, ta sassauta naɗin layukan da ke kafa tunawa. Wato man da ya iso a kan kari shi ke ba jijiya sukunin riƙe abin da ya faru jiya. Amma ɗan dakon iri uku ne, kuma nau'in da ake kira APOE4 ya fi rauni a wannan aiki. Tun 1993 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa a cikin Turawa, wanda ya gaji APOE4 daga ɓangare ɗaya haɗarin ciwon Alzaima a kansa ya ninka kusan sau 3, wanda ya gaje ta daga uwa da uba kuwa fiye da sau 8.

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Ibadan, da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana, suka fara bin tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a wuri biyu: Yarabawa 2,494 a unguwar Idikan ta Ibadan, da baƙaƙen fatar Amurka 2,212 a birnin Indiyanafolis, waɗanda asalin yawancinsu Afirka ta Yamma ne. APOE4 tana nan da yawa a jinin Yarabawan, amma a rahoton 1995, shekarar da Osuntokun ya rasu, ba a ga ta ƙara musu ciwon ba. Daga baya da shekaru suka tura aka ga tana da tasiri, sai dai bai kai na can ba. Rahoton 2001 ya nuna a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne suke shiga gigin, a Indiyanafolis kuwa 3.24. Mutanen Ibadan sun fi ƙarancin kolestirol a jini, sun fi ƙarancin hawan jini da ciwon sukari. A 2006 kuma aka ga a cikin Yarabawan da ba su gaji APOE4 ba, haɗarin yana hawa tare da hawan kolestirol. Baƙi ɗaya, karatu biyu. Ga alama wani sashe na bambancin yana cikin rubutun da ke maƙwabtaka da APOE4 a jinin 'yan Afirka, wani sashe yana cikin tukunya da gona.

Idan shinge ya hana man jini shiga, ta ina yake cutar da ƙwaƙwalwa? Ta hanyoyin jini. Nau'in kolestirol da ake kira LDL yana taruwa a bangon jijiyoyin jini ya ƙuntata su, hawan jini ya ƙara tsattsaga su. Idan babba ta toshe, abin da ya sami Baba ke nan. Idan ƙanana ne suka riƙa toshewa ɗaya bayan ɗaya, hankali ya riƙa zuba kamar hatsi a buhu mai huda. Wani ɓangare na kolestirol ɗin jini kuma yakan sauya kama ya ratsa shingen. Shi ya sa kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa yawan LDL a tsakiyar shekaru cikin abubuwa 14 da ya lissafa a 2024, tare da hawan jini, ciwon sukari, shan taba, zaman wuri ɗaya, kurumta, kaɗaici da ƙarancin karatu, ya ce idan aka kawar da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa.

Kada mai karatu ya ɗauka tallar man kaɗe nake yi a matsayin magani. Kaka ta ci shi duk rayuwarta, gigin ya same ta, amma sai da ta haura 80 tana tsaye da ƙafarta. Ɗanta bai ga 60 ba. Gaskiya ne man kaɗe ba shi da kolestirol, kamar kowane man tsiro, kuma kitsen da ya fi yawa a cikinsa ba ya ɗaga na jini kamar na man shanu ko manja. Amma binciken da Robert Glew da abokan aikinsa suka fitar a 2001 a kan Fulani makiyaya na tsaunin Jos ya nuna kusan rabin ƙarfin abincinsu daga kitse yake fitowa, duk da haka jininsu lafiya lau, domin ba su da ƙiba, ba sa zama, abincin kuma bai wuce aikin ba. Ba a raba man da gumin da aka ci shi da shi.

Haka kuma ba na yabon yunwar da. A yankin Keneba na Gambiya, inda damina take lokacin ƙarancin abinci kamar tamu, binciken 2014 ya nuna jariran da aka ɗauki cikinsu da damina wasalin metil ɗinsu ya bambanta da na waɗanda aka ɗauki cikinsu da rani. A Holan, waɗanda suke ciki lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 an sami tabon a DNA ɗinsu bayan shekara 60, kuma maiƙon jininsu ya fi lalacewa. Abin da uwa ta ci a watan Agusta, ɗanta yana ɗauke da shi har furfura. Wanda aka haifa cikin rumbu maras hatsi, ya girma ya faɗa rayuwar jarka da kujera, shi ne nau'in Baba, kuma irinsu sun cika gidajenmu.

Wannan ne ya sa nake ganin Zuru tana zaune a kan abin da duniya take nema. Osuntokun sai da ya haye teku kafin ya sami dangi biyu masu rayuwa biyu. Mu a gida ɗaya muke da su: babban wa ya tsaya a kan dutse ya yi golmo ya tsufa da fartanya, ƙane ya shekara 30 a barikin Kaduna ko Legas. Uwa ɗaya, uba ɗaya. A Zariya an taɓa duba tsofaffi 322, rahoton 2011 ya sami kusan 3 cikin 100 da gigin. Muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru tun 2020, muna da 'ya'ya likitoci. Tsofaffin da suka yi golmo na gaskiya suna ƙarewa. A zauna da su a rubuta abin da suka ci, da shekarun fari da suka gani, a auna jininsu, da izninsu da harshensu, tun suna iya ba da labari.

Ita ma kaɗanyar tana ƙarewa. Masu gawayi sun fi son iccenta, kuma tun da 'yan bindiga suka addabi Danko-Wasagu da Sakaba, mata da yawa ba sa iya shiga daji da asuba. Alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa tara ƙwallon kaɗe, Turai kuma tun 2000 ta yarda a sa mansa a cakulan. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallo na wata 6 don a riƙa sarrafa shi a gida. Man da aka toshe wa hanci a makarantarmu, yau a kwalabe masu tsada yake dawo mana.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. A auna hawan jini tun ana shekara 40, a sha maganin kullum ba sai kai ya sara ba. A rage man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi. A ciyar da mai ciki, musamman da damina. A bar kaɗanya a gona. Tsohuwar da ta ɓata hanya kuma a kama hannunta a kai ta gida, a zauna a yi mata hira da harshen da ya rage mata. Ba mayya ba ce, maras lafiya ce.

A ranin 2003, watanni kafin rasuwarta, Kaka ta daina magana kusan gaba ɗaya. Wata ranar Asabar ina bugun mai a tsakar gida, tana zaune a tabarma tana kallon bango. Na ga yatsunta suna motsi a kan cinya. Na ja ƙwaryar na kai gabanta, na ɗora hannunta a ciki. Masana sun ce ƙwarewar hannu tana da mazauninta daban a ƙwaƙwalwa, ciwon yakan daɗe bai kai can ba; ranar na gani da idona. Hannun da ya manta yadda ake ɗaura zane ya shiga juyawa yana bugawa, daidai da kiɗan da na sani tun ina 'yar shekara 6. Ta ɗauki lokaci a haka, ba ta san sunana ba, ba ta san ɗanta ya rasu ba. Can ta tsaya, ta murza kaɗan tsakanin yatsu, ta ɗago kai ta ce da ni da C'lela in kawo ruwa mai sanyi. Na zuba. Farin ya taso.